Tambaya da Amsa: Wardi Ɗan Aure, Daga Saye Zuwa Aski

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son shuka wardin nan mai babban fure guda ɗaya a kan dogon reshe, irin wanda ake yanka don ado. Na ga ana tallar irinsa cikin ƙananan fakiti a intanet. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kada ki saya. Wardin da kike nufi shi ne haibirid ti, kuma ba a yaɗa shi ta ƙwaya. Ko ƙwayar ta tsiro, ba za ta ɗauko uwarta ba, don jinin iri daban-daban ne ya haɗu a cikinta. Dangin nan ana lissafin farkonsa daga wardi mai suna La France, wanda wani mai rainon wardi, Guillot, ya fitar a Faransa a 1867, kuma yawancin wanda ake sayarwa ɗan aure ne: a ciro ido daga irin da ake so, a ɗora shi a jikin wani wardi mai ƙarfin saiwa.

Saboda haka dashe za ki nema wurin masu rainon furanni, mai ɗauke da sunansa. Peace rawaya ne mai bakin ruwan hoda, ya shiga kasuwar Amurka a 1945. Mister Lincoln na 1964 ja ne wur, ga ƙamshi. Double Delight na 1977 fari ne mai jan baki. Kafin ki biya, duba gindin: za ki ga wani kumburi kamar gwiwa, nan ne mahaɗin auren. Ya kasance da tauri, ba tsaga, da rassa uku ko fiye masu kauri da kore shar suna fitowa daga kansa. Reshen da ya yanƙwane ko ya yi baƙi, bar musu abinsu. Ki kuma tambayi saiwar da aka ɗora shi a kai. A ƙasa mai zafi da rairayi, saiwar da ake kira Fortuniana ta fi jure tsutsar saiwa, Dr. Huey kuwa ita aka fi amfani da ita a Amurka.

Tambaya: Na samu dashe biyu marasa ƙasa a jikinsu. Yaya zan dasa?

Amsa: Malam, fara jiƙa saiwar cikin bokitin ruwa na awa 8 zuwa 12. Zaɓi wurin da rana ke duka aƙalla awa 6, musamman hantsi. Inda zafi ya yi tsanani, inuwar bayan azahar tana hana furen ƙonewa. Haƙa rami faɗin santimita 50, zurfi 50, ka cika shi da ruwa ka gani. In ruwan ya kwana bai tsane ba, canza wuri ko ka tayar da kunya, don saiwar wardi ruɓewa take yi a ƙasa mai riƙe ruwa.

Gauraya kashi biyu na ƙasar ramin da kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Tara ƙasa tsibi a tsakiyar ramin, baza saiwar a kansa, ka daidaita mahaɗin: inda ba a ƙanƙara ya zauna daidai da fuskar ƙasa ko sama kaɗan, inda ake ƙanƙara a binne shi kamar santimita 5. Bar tazarar santimita 60 zuwa 90 tsakanin biyun. Ruwa a gindi, kamar lita 10 sau biyu a mako, a ƙara in zafi ya tsananta. Kada ka sa takin zamani sai sabon ganye ya fito ya ƙosa.

Tambaya: Wardina rawaya ne da na saya. Bana sai ga shi yana fitar da ƙananan furanni ja masu duhu, rassan kuma sun yi tsawo sun fi na da. Ya rikiɗe ne?

Amsa: Hajiya, bai rikiɗe ba, saiwar da aka ɗora shi a kai ce ta yi toho ta ƙwace abincin. Wannan jan fure mai duhu alamar Dr. Huey ce. Tone gindin a hankali ki bi dogon reshen har inda ya fito. In ƙasa da mahaɗin ne, sa safar hannu mai kauri ki fizge shi daga tushe. Yanke shi daga sama ƙara masa ƙarfi ne, don idanun da ke ƙasa za su sake fitowa biyu ko uku. In babu ko reshe ɗaya mai rai da ya rage a saman mahaɗin, rawayan ya mutu, sai sabon dashe. Wannan asara tana da ciwo, domin leƙa gindin sau ɗaya a wata ya isa ya hana ta.

Tambaya: Ganyen yana yin baƙaƙen ɗigo, ya yi rawaya ya zube. Kuma yaushe ake aski?

Amsa: Cutar fumfuna ce, tana kama ganyen da ya daɗe a jiƙe, kamar awa 7. Daina watsa ruwa ta sama, ka shayar da safe, ka tsince ganyen da ya kamu har da wanda ya faɗi ka fitar da shi daga lambun. Feshin maganin fumfuna yana kare sabon ganye ne kawai, ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

Babban aski sau ɗaya ne a shekara, gab da lokacin sabon toho. Cire matattun rassa da sirara da masu gogar juna, ka bar uku zuwa biyar masu ƙarfi, ka datse su zuwa santimita 30 ko 45. Kowane yanka ya kasance a karkace, kamar rabin santimita sama da idon da ke kallon waje, don tsakiyar ta buɗe iska ta ratsa. Goge almakashin da sifirit kafin ka koma kan wani. Furen da ya gama kuwa, a yanke shi sama da ganyen farko mai ƙananan ganyaye biyar a jikinsa. A nan ne reshen ke da kaurin ɗaukar wani babban fure, wanda kan buɗe cikin mako 6 zuwa 8.