Hatimin notari a shagon Niyok: yadda ake samunsa da abin da zai kawo maka

Tambaya: Ina da shago a Bronx, cikin birnin Niyok, muna tura kaya gida ta jirgin ruwa, muna hoton takardu da cike fom. Kusan kullum sai wani ya shigo da takardar wakilci ko ta izinin tafiya da yaro, yana neman wanda zai buga masa hatimin notari, wato wanda jiha ta naɗa ya riƙa shaida sa hannu a takardu, sai na tura shi banki ko kantin magani. Ta yaya zan zama notari da kaina, nawa zan kashe, kuma akwai riba? Girin kad gare ni, wato katin izinin zaman dindindin, ban zama ɗan ƙasa ba.

Amsa: Alhaji, bari mu fara da ribar, don kada ka shiga da dogon buri. Dokar jihar Niyok ta kayyade wa notari dala 2 a kan kowane mutum da ya shaida wa sa hannu ko ya rantsar. Kuɗin jarrabawa dala 15 ne, kuɗin neman naɗi dala 60, jimla 75. Sai ka shaida sa hannu 38 kafin wannan ta dawo aljihunka, ban da kuɗin sassaƙa hatimi da littafin rajista. Ba sana'ar da za ta biya hayar shago ba ce. Amfaninta wani ne: mutumin da kake turawa kantin magani da takarda a hannu, can zai yi hotonta, can zai sayi ambulan, wataƙila can zai ji labarin wani mai tura kaya. Idan ya gama komai a teburinka, kai ka riƙe shi. A kan wannan ina ganin ya cancanci wahalar, muddin za ka iya cewa a'a ga mutanen da kake jin nauyinsu. Zan dawo kan wannan.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Ka kai shekara 18, kana zaune a jihar ko kana da ofis ko wurin kasuwanci a cikinta, wato ko a Niyu Jazi kake kwana shagon Bronx ya wadatar. Girin kad ba ya hana ka. Tun 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe dokar Teksas da ta ce sai ɗan ƙasa kaɗai zai zama notari. Za a tambaye ka ko an taɓa yanke maka hukunci a kan wani laifi. Faɗi gaskiya, domin ɓoyewar ta fi laifin saurin kashe takarda.

Sakataren jiha ne ke naɗawa, ta sashen bayar da lasisi na ma'aikatarsa. A shafinsu akwai ɗan littafin dokar notari kyauta, daga cikinsa ake ciro tambayoyin. Tambaya 40 ce ta zaɓi amsa, awa ɗaya, ana son ka ci kashi 70 cikin ɗari, wato 28. Abin da ke kayar da mutane ba wuyar aikin ba ne, kalmomin shari'a ne na Turanci da Latin da ke ƙarshen littafin, da kuma adadin kuɗi da matakin hukuncin kowane laifi. Ka haddace su kamar yadda ka haddace farashin kwantena. Lauyoyin jihar ba sa zana jarrabawar, kai kuwa dole ne. Idan ka ci, sakamakon yana aiki shekara 2, amma kada ka ajiye shi a durowa. Ka cike fom ta intanet, ka yi rantsuwar kama aiki a gaban wani notari, ka biya dala 60. Naɗin shekara 4 ne, ana kuma aika bayaninka da samfurin sa hannunka ga akawun gundumar da ka yi rajista.

Niyok ba ta neman kuɗin jingina, wato lamunin biyan wanda notari ya jawo wa asara, kuma ba ta tilasta kwas. Kalifoniya tana neman jinginar dala 15,000 da kwas na awa 6, don haka idan wani ɗan'uwa daga wata jiha ya ba ka labari, kada ka ɗora shi a kan naka.

Hatimin ma ba wajibi ba ne a dokar Niyok. Abin da ta ce shi ne a ƙarƙashin sa hannunka, da baƙin tawada, a ga sunanka, da cewa kai notarin jihar Niyok ne, da gundumar da ka yi rajista, da ranar da naɗinka zai ƙare, ka haɗa da lambarka. Ana sassaƙa hatimi ne don kada ka riƙa rubuta wannan da hannu sau goma a rana, kuma ofisoshin gida ba sa ganin girman takardar da ba tambari. Sunan da ke kan hatimin ya zama daidai da na takardar naɗi, harafi da harafi. Idan Muhammadu aka naɗa, kada ka sa hannu da Mamman.

Littafin rajista kuwa wajibi ne tun Janairun 2023. Kowane aiki ka rubuta kwanan wata da lokaci, sunan mutumin da adireshinsa, irin aikin, da irin shaidar da ya nuna. Ana ajiye shi shekara 10. Ka sayi mai ɗinki da lambar shafi, ba mai zobe da ake zare takarda ba, ka kulle shi tare da hatimin. Yaron shago ba shi da hurumin taɓa ko ɗaya, ko da kana masallaci kuma kwastoma na sauri.

Aikin kansa iri biyu ne da za ka fi gani. Akwai wanda mutum ke tabbatar maka cewa sa hannun nan nasa ne kuma da yardarsa ya sa. A nan yana iya zuwa da takardar a sanye. Akwai kuma takardar rantsuwa, inda sai ya rantse ko ya yi iƙirari da bakinsa cewa abin da ke ciki gaskiya ne, ya sa hannu kana kallo. A duka biyun sai ya tsaya a gabanka da kansa, da fasfo ko lasisin tuƙi mai hoto wanda bai ƙare ba.

Nan ne fitinar take. Wani dattijo da kuke sahu ɗaya zai zo da takardar sayar da fili, ya ce maiɗakinsa ta riga ta sa hannu a gida, ai ka san ta, buga kawai. Wani zai miƙo maka waya ya ce ga ƙaninsa a WhatsApp daga Kumasi, yi magana da shi. Idan ka buga, ka rubuta da hannunka cewa mutum ya bayyana a gabanka alhali bai zo ba. Wannan shaidar ƙarya ce, babban laifi a dokar jihar, ana iya ƙwace naɗin, kuma duk asarar da ta biyo baya kai za a kai ƙara ka biya. A kan dala 2. Akwai notari na intanet a Niyok, wanda doka ta yarda ya karɓi har dala 25, amma rajistarsa daban ce, da manhajar da ke tantance mutum tana naɗar hoto da murya. Kiran bidiyo na wayarka ba ya shiga ciki. Haka kuma kada ka shaida takardar da kake ciki ko kake da riba a cikinta, kamar yarjejeniyar tura mota tsakanin shagonka da kwastoma. Wannan ka kai wa wani notarin.

Sai batun suna, wanda ya shafi kwastomominka musamman. A Najeriya notari lauya ne, Alƙalin Alƙalan ƙasa ke naɗa shi. A Nijar, bisa tsarin Faransa, notar masanin shari'a ne da ke rubuta takardun gida da na gado. Mutanenmu za su shigo da wannan fahimtar, su ɗauka ka zama lauya, su tambaye ka wane fom na shige da fice ya dace da su. Notarin Amurka mai shaida ne kawai. Ba ya tsara takardar shari'a, ba ya ba da shawara a kanta. Idan ka yi tallar aikin da Hausa ko Faransanci, doka ta wajabta ka rubuta a jiki, da wannan harshen da kuma Turanci, cewa kai ba lauya ba ne kuma ba ka ba da shawarar shari'a, sannan ka guji kalmar da za ta sa a zaci kai lauya ne. Ba ka kuma da ikon buga hatimi a kan hoton takardar haihuwa ko fasfo ka ce daidai yake da na asali. Wannan na ofishin da ya fitar da takardar ne.

Takardar da za ta tafi gida, hatiminka matakin farko ne. Yawanci sai akawun gunduma ya tabbatar da sa hannunka, sannan ma'aikatar sakataren jiha ta ɗora tata shaidar a kan dala 10, wani lokaci har ofishin jakadancin ƙasar. Ka faɗa wa kwastoma ya tambayi wanda zai karɓi takardar a can me yake so kafin ya biya kuɗin aikawa. Ranar ƙarewar naɗinka kuma ka rubuta ta a bangon littafin rajista. Sabuntawa dala 60 ce, kuma idan ka bari wata 6 suka wuce bayan ya ƙare, sai ka koma zauren jarrabawa.