Tambayi Likita: Ƙwaƙwalwa, Laka da Jijiyoyi

Tambaya: Likita, idan na daɗe a zaune sai ƙafata ta mutu, kamar ana tsira mini allurai.

Amsa: Jijiya ka danne, Malam. Miƙe ka taka, za ta sake. In kullum ne, musamman ga mai ciwon suga, je asibiti.

Tambaya: Me ke tafiyar da numfashi da zuciya idan mutum yana barci?

Amsa: Gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, shi ke kula da numfashi. Zuciya da kanta take bugawa, jijiyoyi dai su ƙara mata sauri ko su rage.

Tambaya: Ɗana mai shekara 9 yakan faɗi yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Mukan sa masa cokali, mu ɗura masa ruwa, mu yi masa hayaƙi. An ce yawunsa na yaɗa ciwon.

Amsa: Hajiya, don Allah ku daina duka ukun! Wannan ya yi kama da farfaɗiya. Duk motsin da mutum ya yi, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙon lantarki ta laka da jijiyoyi zuwa tsoka. A farfaɗiya saƙon ne ke ɓarkewa gaba ɗaya, jiki ya sandare, ya kama jijjiga. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa.

Akan sa cokali wai don kada mutum ya haɗiye harshensa, amma ba wanda ke haɗiye harshensa. Cokali haƙori yake karyawa. Ruwan kuma, tunda yaron ba ya iya haɗiya a lokacin, huhu yake tafiya, yana iya kashe shi. Hayaƙi kuwa, yaron da numfashi ke yi wa wuya za a turnuƙe?

Idan farfaɗiyar ta tashi, kawar da abin da zai ji masa ciwo, sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi. Da jijjigar ta lafa, kwantar da shi a gefensa. Duba agogo: in ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, a garzaya asibiti.

Ko ta tsaya da kanta, a kai shi likita ya duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Kada a tsayar da maganin kwatsam, hakan na tayar da mai tsanani. Kada a bar shi shi kaɗai kusa da wuta ko ruwa mai zurfi. A kai shi asibiti cikin makon nan, Hajiya.