Abin da Ya Rikita Agogon Kyamarorin Gwarimpa

Jiya muna tattara kaya a gidan nan na Gwarimpa ka ce min, "Oga, ko don kamfanin intanet na yawan sauya wa rauta adireshin IP ne agogon kyamarorin ya rikice?" Ka yi tunani, ƙanena, amma ba nan gizo ke saƙa ba.

Adireshin IP na waje, wato lambar da kamfani ke ba rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) don a gane ta a intanet, sauyinsa bai cika taɓa lokaci ba. Na'urarka ce ke fita ta tambayi sabar NTP, wato kwamfutar da ke faɗa wa na'urori lokaci a intanet, ƙarfe nawa, ta ƙofa mai lamba 123, amsa ta biyo sawunta ta dawo. In adireshi ya sauya ana tsaka da haka, amsa ɗaya ce za ta ɓace, can anjima a sake tambaya.

Ɓarnar a cikin gida take. Kyamarorin an saita su ne su riƙa karɓar lokaci daga akwatin naɗin hoto a 192.168.1.20. To wannan lambar aro ce, DHCP na rauta ne ya ba shi, wato tsarin da ke raba wa na'urorin gida lamba. Da aka ɗauke wuta aka tada janareta, rautar ta manta wa ta ba me, wayar maigadi ta riga akwatin shiga, ta karɓe lambar. Kyamarori suka yi ta sallama a ƙofar da ba mai amsawa, agogon kowace na tafiya yadda ya ga dama. Kai ma ka gani, ta bakin get ta wuce ta falo da minti 4. Wannan yana damuna ƙwarai, don ranar da aka shiga gidan mutum, hoton da lokacinsa ya saɓa wahala zai ƙara wa mai gida a gaban 'yan sanda.

Ƙananan rautoci da yawa ma ba su da batirin agogo, in suka tashi sai sun sami intanet kafin su san ranar da ake ciki.

Gobe in Allah ya kai mu, ka shiga rautar ka ɗaure lambar nan da adireshin MAC na akwatin, wato lambar shaidar da aka ƙera shi da ita, ta zama tasa shi kaɗai. A gurbin sabar NTP da ke cikin akwatin ka rubuta suna, pool.ntp.org, kada ka sa lamba, don sabobin da ke bayan sunan su ma sauyawa suke. Yankin lokaci ka sa UTC+1, wato lokacin Najeriya. Sannan ka zare filogin komai, ka mayar, ka tsaya har ka ga agogon kyamarorin ya zo ɗaya da na wayarka kafin ka baro gidan.