Tambaya da amsa: Me ya sa tsofaffin direbobi ke kwashe hanyar kwalta su bar ma sabo ta rairayi?

Tambaya:

Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni direban kamiyo ne a nan Damagaram, shekara 7 kenan ina da permin babbar mota, kafin nan ma na yi yaron mota. Wata 8 da suka wuce na koma gidan wani ɗan kasuwa mai motoci 5, muna ɗaukar siminti da shinkafa da taki daga magaza mu kai ma masu saye. To tun da na zo kullum ni ake ba tsohuwar mota da kasuwannin ƙauye, waɗanda na tarar su ke zuwa Magarya da Matamai da Maraɗi, har da wani da na riga shi samun permi. Da na yi magana sai aka ce min wai ni sabo ne. Haka doka ta ce ko danniya ce kawai? In bar gidan ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya tsare hanya. Kar ka bar gidan tukuna, ka fara jin yanda abin yake, don in ka tashi yanzu ka koma wani gida to can ma daga ƙasa za ka fara, wata 8 ɗin nan naka sun tafi a banza kenan.

Abin da ya ɗaure maka kai shi ne kana ƙirga shekarun permi, su kuma suna ƙirga shekarun gida. Wancan da ka riga samun permi, in ya shekara 4 yana jan motar Alhaji to a gidan nan shi ne gaba da kai, ko da kai ka koya mishi tuƙi. Alhaji bai ga shekara 7 ɗinka da idonshi ba, labari ya ji. Amma wancan ya gan shi ya kai siminti ya dawo da kuɗi cif, ya ga yanda yake shan gazuwal, ya san ko yana ɗora fasinja a kan kaya a ɓoye ko ba ya yi, ya san ranar da mota ta mutu mishi a daji da dare bai gudu ya bar kaya ba. Mai mota dukiyarshi yake saka ma mutum a hannu, motar miliyoyi da kayan miliyoyi, wani lokacin ma direban ne zai karɓo kuɗin kayan ya zo da su a aljihu. Amana ce ake aunawa, ita kuma ba a gane ta a wata ɗaya, shi ya sa ta ke tafiya tare da daɗewa.

Kuma ka lura ba tsawon hanya ake rigima a kai ba, abin da ke cikin hanyar ne. Zuwa Magarya ko Matamai kwalta ce, ka yi lodi da safe ka sauke ka kwana gidanka, mota ba ta wahala kai ma ba ka wahala. Maraɗi wajen kilomita 240 ne, akwai kuɗin hanya mai ɗan kauri, sannan babban abin shi ne kayan dawowa, don mota ba ta cika dawowa wayam daga can ba kuma a gidaje da yawa direba yana da ɗan kasonshi a ciki. Kai kuma an tura ka ƙauyukan Damagaram Takaya ko bayan Tanut, kilomitan ba su kai na Maraɗi ba amma awa nawa za ka yi? Ka kafe a rairayi, kai da yaron mota ku yi ta haƙa, ku sauke buhu ku sake ɗorawa, ka isa kasuwa ta fara watsewa, mai kaya ya ce sai ya sayar zai biya, ka kwana can. Da damina kuma kwazazzabo ya cika ka zauna jiran ruwa ya janye. Ga taya na ci, ga sifirin na karyewa, in mota ta lalace kuma sunanka ne zai fito a bakin Alhaji ba sunan hanyar ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi min ciwo a harkar nan wallahi, a ba yaro mota mafi tsufa da hanya mafi muni sannan a ce shi ke kashe mota.

To daɗewa abin da take ba mutum a gida irin naku kusan abu uku ne, mota, hanya, da mai kaya. Sabuwar mota in ta zo babban direba ke karɓa, tashi ta sauka ga na biye mishi, haka har ta ƙarshe ta faɗo kan sabo. Hanya kuma babba ke fara zaɓa. Sai masu kaya, akwai ɗan kasuwar da 'yan dakonshi suna tsaye kana isowa a sauke a sallame ka har da na goro, akwai wanda za ka wuni ƙofar shagonshi yana waya. Tsofaffi sun san kowa, sun riga sun kama na kirkin.

A tasha kuma lissafin daban ne, kar ka haɗa su. In motarka na bin layi wajen sandika, wato ƙungiyar masu sufuri, layin na mota ne ba na direba ba, wadda ta riga zuwa aka rubuta ta ita ke fara lodi, ko mai jan ta jiya ya samu permi. A ƙa'ida kenan. Sai dai yanzu kowa na da waya, babban ɗan kasuwa a kasuwar Dole in yana da kaya masu tsada ba zai tsaya jiran wanda layi ya kawo ba, kiran direban da ya sani shekara da shekaru zai yi kai tsaye, ko ɗan kamasho ya haɗa su. Sai ka ga layi ya rage ma sababbi da ragowar kaya, tsohon direba kuwa ko leƙa tasha bai yi ba ya yi sahu biyu. Nan ma dai daɗewar ce ta yi aiki ta bayan gida.

Sai maganar doka da ka tambaya. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ba ta ce wanda ya daɗe shi zai zaɓi hanya ko mota ba, rabon aiki na mai gida ne. Inda daɗewa take da ƙarfi a hukumance wajen kuɗi ne. Akwai ƙarin albashi na daɗewa a yarjejeniyar ma'aikata da masu ba da aiki, akwai kuɗin sallama da ake lissafawa da yawan shekarun da ka yi in an kore ka ba da babban laifi ba, kuma in kamfani zai rage ma'aikata saboda aiki ya ja baya ana duba ƙwarewa da daɗewa da nauyin iyali kafin a ce wa zai tafi. Sai fansho wajen CNSS, wato asusun ƙasa mai kula da inshorar ma'aikata, wanda ya dogara da watannin da aka zuba maka. Amma fa duk wannan ga wanda aka rubuta ne. Direbobinmu nawa ke da kwantaragi a rubuce? Nawa ke da lambar CNSS? Mafi yawa da baki aka ɗauke su, "ga makulli Allah ya ba da sa'a", shi kenan. Na san dattawan da suka ƙare ƙarfinsu a gida ɗaya, ranar da mai gida ya rasu 'ya'ya suka raba motoci, aka ce musu an gode, ba takarda ko ɗaya da za su nuna a ofishin sufetan aiki. Daɗewar da suka yi ta ba su hanyar kwalta shekaru, amma ranar da suka fi buƙatarta ba ta tsinana musu komai ba.

Wasu za su ce maka ai a Amurka ba haka ba ne. Can ma haka ne, har ya fi namu tsauri, bambancin a rubuce yake. A kamfanonin dakon kaya da ke da ƙungiyar ƙwadago, irin Teamsters da aka kafa tun 1903, akwai jerin sunaye bisa ranar da aka ɗauki kowa aiki, lokaci lokaci a kan fito da hanyoyi da lokutan fara aiki, na sama ya zaɓa, na biye ya zaɓa, na ƙasa ya ɗauki abin da ya rage ko ya zauna jiran a kira shi ranar da aiki ya yi yawa. In ka canza kamfani ka koma ƙarshen jeri ko shekara 20 ka yi kana tuƙi. Abin da na yaba a tsarin nasu guda ne, sabo ya san matsayinshi kuma ya san in na gaba ya tafi shi zai matsa, ba wanda zai shigo da ɗan ƙanwar matarshi ya ɗora a kanshi. A nan namu kuwa wannan shi ne ainihin inda danniya ke shigowa.

Don haka ga yanda za ka gane ko al'ada ce ake maka ko zalunci. In an ɗauki wani bayanka kuma aka ba shi hanyar ƙauye kai aka matsa da kai gaba, to gidan na da tsari, ka yi haƙuri lokacinka na zuwa. In kuwa wanda ya zo bayanka ya tsallake ka don ɗan'uwan mai gida ne ko yaron babban direba, aka kuma maimaita, to nan ba daɗewa ake bi ba, kuma shekara 10 ma ba za ta canza komai ba. Ka duba kuma lokacin da aiki ya yi ƙasa. Da kaka kowa na samu, wake da gyaɗa da riɗi da gero na fitowa, lokacin rake ma motoci ba sa zama, ba mai rigima da kowa. Amma ka tuna da Najeriya ta rufe boda a Agustan 2019, da kuma rufewar 2023, motoci nawa suka yi ta zama a gareji? A irin wannan lokacin ne ake gane gida, wani mai gidan zai raba ɗan sahun da ake samu kowa ya kai cefane, wani zai bar ma manya biyu duka sauran su ji da kansu. Tambayi yaran motar gidan yanda aka yi a 2023, za su faɗa maka gaskiyar da direbobi ba za su faɗa ba.

Akwai kuma abin da ban yarda a saka shi cikin maganar sabo da tsoho ba ko kaɗan. Mota mai tsufa daban, mota marar birki daban. In birki ba ya kamawa, ko taya ta cinye har zare ya fito, ko ba fitila, ko a ce ka ɗora tan 15 a motar tan 10 don kai ne ba ka iya musu, wannan ba ladabin sabo ba ne, ranka ne da na yaronka da na mutanen da ke kan hanya. Ka faɗa da ladabi amma ka tsaya a kai, kuma ka faɗa gaban makanike don a samu shaida. In jandarma suka tare ka ko aka yi hatsari, kai ke riƙe da sitiyari, permin da za a karɓe naka ne.

Shawarata, ka samu ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kowane sahu, rana, inda ka je, buhu nawa, litar gazuwal nawa, abin da ya lalace da dalili. Bayan wata uku ka je wajen Alhaji, ba a bakin magaza cikin mutane ba, ka same shi shi kaɗai ko ka bi ta hannun babban direba in mutumin kirki ne. Kar ka ce a ƙwace hanyar wane a ba ka, ranar da ka faɗi haka ka yi abokan gaba huɗu. Ka ce a duba kuɗin hanyar ƙauye don wahalarta ta fi, ka ce in babba ya yi tafiya ko ba shi da lafiya a gwada ka a motarshi, ko a ba ka sahun Matamai ko da sau ɗaya a sati. Yawanci ta nan ake hawa, ranar da wani ya je biki aka ce wa zai riƙe, ka riƙe ka dawo da mota lafiya da lissafi daidai. Kuma a wannan zaman ka roƙi a rubuta maka ko 'yar takarda ce mai ranar da ka fara aiki da sa hannunshi, in gidan na da rajista ka nemi a saka ka CNSS.

Hanyar ƙauyen nan ma kar ka raina ta gaba ɗaya. Wanda ya iya rairayi, ya san inda ake rage iskar taya da inda ake kauce ma kwari da damina, ba kowa ba ne, kuma masu kai abincin agaji da taki ƙauyuka irinshi suke nema. 'Yan kasuwar ƙauyen da kake kai ma kaya yau, ka karɓi lambarsu ka riƙe su da kyau, su ne za su fara kiranka kai tsaye nan gaba. In kuma kana da burin jan tankar mai, matatar man fetur ta SORAZ da ta fara aiki a 2011 ga ta nan kan hanyar Tanut, masu tankoki suna son wanda wani mai gida zai tsaya mishi ya ce na san shi, ya yi min shekara kaza ba matsala. Wata 8 ba ta isa a tsaya maka haka ba.

Ka ba gidan har ƙarshen kaka mai zuwa, ka ga wa aka ɗauka bayanka da inda aka saka shi, ka ga amsar Alhaji kan takarda. In duka biyun ba su yi ba, sai ka fara neman wani wuri tun kana kan aiki, kuma kafin ka karɓi makulli a can ka tambaya ƙarara yanda suke raba hanya da wanda ke rabawa.