Data Na Gudu, Murya Na Kakkatsewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiran ƙanena da ke Jidda ta intanet. Gwajin gudun data yana nuna min megabit 20, amma muryarsa na kakkatsewa, wani lokacin har mu riƙa haɗa baki. Akwai ma'aunin kyawun murya, ko kowa da kunnensa ne?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ma'auni akwai shi, sai dai yawan megabit ba shi ne abin dubawa ba, domin kiran murya ko kilobit 100 ba ya ci a daƙiƙa, alhali megabit ɗaya kilobit 1,000 ne.

Sunan ma'aunin MOS. A ƙa'idar P.800 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ana zaunar da mutane a ɗaki marar hayaniya su saurari murya, kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 5, a fitar da matsakaici. Maki 4 zuwa sama murya ce mai kyau. Tara mutane na da tsada, shi ya sa aka samar da hanyoyin awo na kwamfuta, PESQ a 2001 da POLQA a 2011, masu kwatanta muryar da aka tura da wadda ta isa, su ƙiyasta makin.

Wayarka na yayyanka murya ƙunshi-ƙunshi, galibi kowanne na milisakan 20 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya). In suka makara sai a riƙa haɗa baki. Ƙa'idar G.114 ta ce jinkirin tafiya ɗaya ƙasa da milisakan 150 ba ya damun hira, kuma kada ya wuce 400. In kuwa ƙunsoshin suna isowa a hargitse, wayar ƙaninka za ta ɗan jira, wanda ya wuce lokacinsa ta zubar da shi. Kakkatsewar kenan. Asarar kashi 1 cikin 100 ana jure ta, musamman a warwatse. Ƙunshi biyar a jere kuwa gaɓar kalma ce ta tafi.

Ka gwada da kanka. A kwamfuta mai Windows da ke kan layin intanet ɗin da kake kira da shi, buɗe Command Prompt (tagar rubuta umarni) ka rubuta ping -n 100 8.8.8.8, umarnin da ke tura ƙunshin gwaji 100 ya auna lokacin dawowarsu. Duba kason da ya ɓace, da tazara tsakanin mafi ƙanƙantar lokaci da mafi girma. Lokacin na zuwa da dawowa ne, kuma iyakarsa ɓangarenka, don haka ƙaninka ma ya gwada nasa. In tazarar ta kai ɗaruruwan milisakan, tsayar da duk abin da ke loda hotuna ko bidiyo sama, domin murya na bin layi a bayansu. Sai ka sake gwadawa da asuba, ka kwatanta da na bayan isha'i, lokacin da unguwa ke cunkushe a kan eriya ɗaya.