Ta ina zan fara sauraron post-punk?

Ɗan'uwa, ka tambayi ta inda za ka fara sauraron kiɗan post-punk, wato wani salon kiɗan rock na Turawa da ya biyo bayan salon punk. Fara da ƙungiyar makaɗa ta Joy Division, 'yan Manchester ta Ingila, da faifansu na farko, Unknown Pleasures, na 1979. Manyan faifai biyu kacal suka yi kafin mawaƙinsu Ian Curtis ya rasu a 1980, sauran suka koma sabuwar ƙungiya mai suna New Order, don haka ba za ka ruɗe ba.

Amma don Allah kada ka ji shi ta lasifikar waya. Ni haka na fara, ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Sai da na sa iyafis cikin dare na gane jitar bas ta Peter Hook, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ce ke jan waƙar, ganga kuwa a bushe take, kamar ana bugun ta a ɗakin da ba kowa.