Waye "employer" ɗinka a takarda?

Wani ƙaninmu mai aikin kula da tsofaffi a Manchester ya rubuto: "Yaya, takardar neman gidan haya ta ce in sa sunan employer ɗina. Akwai wanda ya samo min aikin tun ina Kano, akwai matar da ke raba mana ranakun aiki, ga kuma kamfanin da ya yi min biza. Wa zan sa?"

Ƙanena, sa kamfanin. Mu a gida duk wanda muke ci a ƙarƙashinsa maigida ne ko oga, amma takardun Birtaniya suna rarrabe su, kowa da matsayinsa a gaban doka.

Employer shi ne wanda kuka ƙulla yarjejeniyar aiki da shi, mai biyan albashinka, mai cire haraji ya miƙa wa gwamnati. Galibi kamfani ne. Ɗauko takardar albashinka ta ƙarshe, ka kwafi sunan da ke samanta harafi da harafi. Matar nan kuwa manager ce. Ita ma albashi take jira kamar kai.

Wanda ya samo maka aikin shi ne recruiter ko agent, wato dillali. Nan nake so ka buɗe kunne, domin nan 'yan'uwanmu suka fi ƙonewa. Dokar Birtaniya ta 1973 ta hana kamfanonin sama wa mutane aiki karɓar kuɗi daga mai neman aikin. La'adarsu a wurin mai ɗaukar ma'aikata take. Wanda ya ce ka sayar da gona ka biya shi don ya samo maka takardar ɗaukar nauyi, wadda ake neman bizar aiki da ita, cutarka zai yi. Kuma tun Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, saboda haka ka gaya wa na gida kada su biya kowa ko sisi a kan wannan alkawari.

Saura sponsor, wato kamfanin da ya ɗauki nauyin bizarka. Wanda ya taɓa zama a Saudiyya zai tuna da kafili, to kusan haka ne, sai dai a nan ba shi da ikon riƙe fasfonka. A irin bizarka, sponsor da employer dole su zama kamfani ɗaya, kuma sai yana da lasisi daga ma'aikatar cikin gida. Jerin masu lasisin yana shafin gwamnati na gov.uk, kyauta. Ka riƙa leƙawa lokaci-lokaci, don idan aka soke lasisin kamfaninka, yawanci kwana 60 ake ba ka ka sami wani ko ka bar ƙasar.

In ka ga sunan da ke takardar albashinka ya saɓa da wanda ke takardar ɗaukar nauyinka, kada ka cike komai tukuna. Kai takardun biyu wurin lauyan shige da fice mai rajista a wannan makon.